Rabin Addu'ar da Ban Amsa Ba

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, amma a unguwarmu Dogo Tebo Maman Rifkatu mai ɗinki ake ce mini. Ku yi haƙuri da maganata, za ku ji wasu kalmomi suna fitowa a karkace. Zan zo kan dalilin. Waɗanda suka san ni a da sun san bakin nan ba ya gajiya. Shugabarmu ma takan ce in an ba Saratu addu'ar rufe taro, wadda ta bar tukunya a wuta ta je ta sauke tukuna.

To, wannan bakin ne ya rufe. Ya daɗe a rufe, babu wanda ya sani sai Allah. Yau na tsaya in faɗi yadda aka buɗe shi.

Marigayi mijina sunansa Fidelis. Bakanike ne, manyan motocin da ke kwasar shanu daga kasuwa zuwa kudu su yake gyarawa. Daga wajen Adamawa ya zo neman abinci, ya zauna a Potiskum har ya fi ni sanin lungunanta. Shi ɗan cocin Fada ne, wato Katolika, tun daga kakanninsa. Ni kuwa a ikilisiyar nan aka haife ni, a nan aka yi mini baftisma, kuma yayana Iliya dattijo ne a cikinta, kun san shi.

Da za mu yi aure Yaya Iliya bai so ba, amma bai hana ba. Mu kuma muka yi tamu yarjejeniyar. Ranar Lahadi kowa ya kama hanyar cocinsa, a haɗu a gida a ci tuwo a kwano ɗaya. Shi ba zai ja ni ba, ni ba zan ja shi ba. Haka muka zauna shekaru, muka haifi Rifkatu da ƙannenta biyu, ba a taɓa jin kanmu a kan addini ba.

Yana da carbi a aljihun rigar aikinsa, duk ya yi baƙi da man inji. Ina tsokanarsa, in ce, "Baban Rifkatu, kai da malaman unguwa rawani kawai ya raba ku." Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ɗinka mini aljihun, ya yage."

Dole in bayyana muku yadda addu'arsu take, don a nan maganar take. Rabi biyu ce. Rabin farko gaisuwa ce ga Maryamu uwar Yesu. Rabi na biyu roƙo ne a gare ta, ta yi wa masu zunubi addu'a, yanzu da kuma lokacin mutuwarsu. In suna da yawa, mutum ɗaya ne yake faɗin rabin farko, sai ya yi shiru, sauran su amsa da na biyun. In 'yan'uwansa sun zo haka suke yi a tsakar gidana, ni ina kan keken ɗinki ina jin su. In shi kaɗai ne kuwa, yakan faɗi duka biyun da kansa a hankali.

Bai taɓa cewa in amsa masa ba, ko sau ɗaya. Ya san yadda aka rene ni. An koya mini cewa addu'a ga Allah kaɗai ake yi, ta wurin Yesu kaɗai. Amma kunne ba ya da ƙofa. Na haddace rabin nan na biyu tsaf ba tare da na yi niyya ba.

Sai ciwon hanta ya kama shi. Ba zan ja ku da labarin jinya ba, da yawanku kun zo kun gani. Mutumin da yake ɗaga ƙafar tirela ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya. Da likita ya kira ni gefe ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a, na gane abin da yake nufi.

Fada ya zo ya shafa masa mai, ya tafi. Washegari da rana, yara suna makaranta, Yaya Iliya yana zaune a ƙofar gida da baƙi, wan mijina Donatus kuma yana kan hanya bai iso ba. Ni kaɗai ce da shi a ɗaki. Ana zafi, ina yi masa fifita.

Sai na ji ya fara. Muryar kamar ta wanda yake magana daga cikin rijiya. Ya faɗi rabin farko da ƙyar, kalma ɗaya, numfashi, kalma ɗaya. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya. Numfashinsa ba zai kai shi rabi na biyu ba.

Ya juyo ya dube ni.

'Yan'uwa, kalmomin suna kan harshena. Zuciya ɗaya ta ce, faɗi mana, mijinki ne, tafiya zai yi. Ɗayar ta ce, ashe a ranar ƙarshe za ki roƙi wadda ba Allah ba? Na ce to bari in kira sunan Yesu kawai. Shi ma ya maƙale.

Ya sake farawa. Ya sake kaiwa wurin nan, ya tsaya, yana kallona. Na kama hannunsa na riƙe, hawaye yana zuba, ban ce komai ba. Ya lumshe ido. Kafin a kira la'asar a masallacin unguwa ya cika.

Kun san al'adarmu, a zaman makoki sai an tambayi wadda take wurin, me ya ce na ƙarshe? Matar Donatus ce ta tambaye ni, bayan an dawo daga maƙabarta. Da na iya ƙarya da na huta. Na gaya mata yadda aka yi duka, ina kuka. Ita ta gaya wa mijinta, kafin yamma magana ta kai rumfar maza.

Yaya Donatus katikis ne a cocinsu, shi yake koyar da masu shirin baftisma. Yaya Iliya kuma malamin Littafi ne a namu. Aka haɗa su a rumfa ɗaya, a kan tabarma ɗaya, kowa da Littafinsa a hammata. Daga cikin ɗaki nake jin su.

Yaya Iliya ya ce, "Katikis, a yi haƙuri, amma a rubuce yake. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutum. Ɗaya. Ina ka ga an ce akwai mataimakiya?"

Yaya Donatus ya ce, "Dattijo, da ƙanena yake kwance, ba kai ka tara mutanenku ka ce su yi masa addu'a ba? Sun zama matsakanta ke nan? In ɗan'uwa na duniya zai roƙa mini, me zai hana wadda take gaban Ɗanta?"

"Ɗan'uwa na duniya yana da kunne, yana jina. Wanda ya mutu fa?"

"Wa ya ce maka sun mutu? Allah na masu rai ne. Kuma a gidan bikin nan da ruwan inabi ya ƙare, wa ya fara yi wa Yesu magana?"

"Ta yi magana, amma me ta ce wa ma'aikatan? Cewa ta yi su yi abin da shi ya faɗa. Ba ta ce su dawo wurinta ba."

Haka suka yi ta yi. Wannan ya buɗe, wancan ya buɗe. Donatus ya kawo wani wuri da ya ce an yi wa matattu addu'a, Iliya ya duba nasa bai samu ba, ya ce wannan littafin ba ya cikin Maganar Allah. Donatus ya ce ku kuka cire, Iliya ya ce ku kuka ƙara. Murya ta tashi, samari suka taru, masu zuwa gaisuwa suka rasa wa za su yi wa ta'aziyya.

Maƙwabciyata Goggo Habi, matar wani dillalin shanu, ta shigo da ƙwaryar fura. Ta tsaya tana saurare, ta ce, "Maman Rifkatu, faɗa ake yi a gidan makoki?" Na ce, "A'a Goggo, karatu suke yi." Ta ce, "To Allah ya ba ki haƙuri. Na ɗauka gado ake rabawa." Ta zauna kusa da ni har magariba.

Da za su watse, kowannensu ya shigo ya yi mini sallama.

Yaya Donatus bai zauna ba. Ya ce, "Saratu, ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta ɓaci. Mutum yana mutuwa ya roƙe ki kalmomi kaɗan, kika hana shi. Ko arne ne ya roƙi ruwa ai a ba shi. Yanzu yana wurin tsarkakewa kafin ya shiga sama, addu'a yake jira. Mu za mu yi masa, tunda ke ba za ki yi ba."

Yaya Iliya ya zauna, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ƙanwata, kin yi daidai. An gwada ki kin tsaya. Ina alfahari da ke." Na ce, "Yaya, to shi fa? Yana ina yanzu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ne ya sani. Ina ma da sunan Yesu ne na ƙarshe a bakinsa."

Gaskiya zan faɗa muku, yabon yayana ya fi zagin surukina zafi. Zagin na ji na cancanta. Yabon kuwa, ban tsaya a kan komai ba, tsoro ne ya kama ni. Daga baya ma na ji yana ba da misali da ni a ajin Lahadi, wai wata mace mai bangaskiya. Ranar na fita ta ƙofar baya.

Suka bar ni da abu biyu. In Donatus ne da gaskiya, na bar mijina shi kaɗai a bakin ƙofar mutuwa, kuma har yanzu ina hana shi taimako. In Iliya ne da gaskiya, mijina ya mutu yana kiran wanda ba zai ji shi ba, ni kuma da nake da sunan da zai cece shi na kasa furta shi. Ko ta ina na juya, shiruna ne ya kashe ni.

Daga nan addu'a ta ɗauke mini. In na durƙusa, sai in ga idon nan yana jira. In ce da wane baki? Bakin da ya ƙi amsa wa mai mutuwa, shi zai nemi a amsa masa?

Kuna ganina a nan ranar zumunta, da ɗaurin zane irin naku, ina motsa leɓe. Babu abin da yake fita. Ko amin ba na iya cewa. Da aka ba ni addu'ar rufewa sai in ce mura nake yi, har kuka fara kawo mini citta da lemon tsami. Allah ya saka muku, amma ba mura ba ce.

Littafi kam na karanta shi fiye da kowane lokaci a rayuwata, sai dai ba don in ji Allah ba. Hukunci nake nema. Na ari irin na su Donatus na ajiye kusa da nawa, ina duba nan ina duba can, kamar mai neman sunanta a allon kotu. In na sami ayar da ta goyi bayan Iliya in yi kuka saboda Fidelis. In na sami wadda Donatus yake kafa hujja da ita in yi kuka saboda kaina.

Na rame. Ɗinkin mutane ya taru. Na daina gaida yayana sai dole, na daina ɗaga wayar surukina. Yarana suna shigowa su ga fuskata su koma. Aka ce jinina ya hau, aka ba ni magani, wani lokaci in sha wani lokaci in manta.

Wata safiya ina kan keke ina haɗa rigar wata amarya, sai ƙafata ta dama ta zame daga kan abin takawa. Na ce ta dawo, ta ƙi. Na buɗe baki in kira Rifkatu, sai wani sauti ya fito da ban san shi ba. Goggo Habi ce ta tare keke mai ƙafa uku, ita da Rifkatu suka kai ni asibiti. Ɓarin jikina ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya.

Yanzu ni ce a kwance. Ina ji, ina gani, ina gane kowa, amma ko ruwa ba na iya roƙa.

Aka sanar da su duka. Yaya Iliya ya zo, Yaya Donatus ma ya hau mota ya zo, Allah ya saka masa. Ɗaya ya tsaya ta hannun dama, ɗaya ta hagu, ba su gaisa sosai ba. Iliya ya ɗaga murya yana addu'a cikin sunan Yesu. Donatus ya juya kai, hannunsa a aljihu, ina ganin yatsunsa suna motsi. Duka biyun kuka suke yi. Ban taɓa ganin hawayen yayana ba sai ranar.

Na so in yi tawa addu'ar, don na ɗauka tafiya zan yi. Na nemi kalma a cikin kaina, babu. Ba rabin farko, ba na biyu, ba irin tasu, ba irin tamu. Nishi ne kawai ya rage mini. Na ce a raina, shi ke nan, zan je gaban Allah hannu wofi.

A nan ne Ubangiji ya same ni. Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara muku abin da bai faru ba. Abin da ya zo mini shi ne wani wuri da na bi ta kansa sau da yawa a karatuna na neman hukunci. Yana cikin Littafin Iliya, yana cikin na Donatus, amma babu wanda ya buɗe shi a rumfa, don ba a cin gardama da shi. Wurin da aka ce sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Aka kuma ce Yesu da ya mutu ya tashi yana hannun dama na Uba, yana roƙo dominmu.

Na ce, ashe nishin nan ma ana ɗaukarsa? Na saki jiki na yi shi. Wannan ita ce addu'ata ta farko tun rasuwar mijina, babu kalma ko ɗaya a cikinta.

Sai na tuna ɗakin nan mai zafi. Na ga ashe ba mu biyu ba ne a ciki. Fidelis ya rasa numfashi, ni na rasa murya, amma Mai roƙo bai rasa komai ba. Mijina ya san Yesu, ya dogara gare shi, na zauna da shi na sani. Ni na ɗauka cetonsa a kan harshena aka ɗora. Wa ya ba ni wannan matsayin?

Rifkatu tana zaune a bakin gado tana riƙe da hannuna mai rai. Na juya ido na yi ta kallonta, ban ɗauke ba. Na ga ta rikice, tana tambaya, ruwa? In kira nas? In gyara filo? Ba ni da yadda zan amsa.

Bayan wani lokaci harshe ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, muka koma gida. Wata rana tana shafa mini mai a ƙafa, sai ta ce, "Mama, akwai abin da yake damuna. Ranar nan a asibiti kin yi ta kallona. Na san wani abu kike so, na kasa ganewa. Ko barci ba na iya yi in na tuna. Me kike so in yi miki da ban yi ba?"

Na ce, "Babu, Rifkatu."

Ta ce, "Mama, ki faɗa mini gaskiya."

Na ce, "Kallonki kawai nake yi. Na ɗauka tafiya zan yi, ina so fuskarki ce ta ƙarshe."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Na fashe da irin kukan da ban yi ba ko a ranar jana'iza. Yarinyar ta tsorata, ta ɗauka ciwon ne ya dawo.

Kada ku ce na ce na san abin da idon Fidelis ya faɗa. Ban sani ba. Wataƙila amsar yake jira, wataƙila ni yake kallo, wataƙila duka biyun. Ba zan sani ba sai mun haɗu. Har gobe in na tuna yana yi mini ciwo, kuma in da za a maido da ranar ban san abin da zan yi ba. Amma na kwanta a inda ya kwanta, na san mai tafiya ba alƙali ba ne. Hannun da ya riƙe shi ya fi masa komai, kuma hannun nan na ba shi.

Yaya Iliya da Yaya Donatus ba su daidaita ba, kowa yana nan a kan fahimtarsa. Ni ma ina nan a kan abin da aka koya mini, ga Yesu nake kai roƙona. Amma na roƙi yayana ya daina ba da misali da ni, ya kuma daina. Na kira surukina na ce su ci gaba da tuna ƙanensu yadda suka saba, ni ba zan yi faɗa da ƙauna ba. A wayar ya ce, "Saratu, maganar da na gaya miki ranar nan, zafin rai ne. Ki yafe mini."

Malamai su yi ta bincike, aikinsu ne, Allah ya ƙara musu haske. Roƙona ɗaya ne. In za ku yi, ku nisanci ɗakin wadda ta yi rashi. Bangon ba shi da kauri, tana jin ku, kuma ku za ku naɗe tabarma ku tafi, ita ce za ta kwana da maganar.

Na gode wa Allah da ya tashe ni daga gado. Na gode masa da ya maido mini da baki, ko da a karkace. Na fi gode masa da ya sauke mini kayan da ba nawa ba. Yabo ya tabbata ga sunansa!

In akwai wata a nan da take motsa leɓe babu abin da yake fita, 'yar'uwa, ba sai kin ɗaga hannu ba. Ki dogara gare shi da abin da ya rage miki, ko nishi ne. Akwai Mai roƙo dominki, ba ya gajiya, ba ya jiran sai kin iya.

Mijina yana hannun Yesu. Na daɗe ina so in faɗi wannan a gaban mutane, yau na faɗa. Ni kaɗai ba zan iya riƙe maganar nan kullum ba, don haka ina roƙonku, 'yan'uwana, ku taya ni. Ku ce amin.